Wa Ke da Ikon Yanka Tikiti a Ƙofar Gidan Makoki?

A ƙarshen watan Disamba na 2016, a wata liyafar cin abincin dare da rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa ta shirya a Abuja, Manjo Janar Lucky Irabor ya miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari wata tuta. Tutar Boko Haram ce, wadda sojoji suka ce sun ɗauko daga Camp Zairo, tungar shugaban ƙungiyar Abubakar Shekau a tsakiyar dajin Sambisa, 'yan kwanaki kafin nan. Hoton ya zagaye jaridu. Shekara ba ta cika ba, a Nuwamban 2017, sai ga kwamishinan yaɗa labarai da al'adu na Jihar Borno, Dokta Mohammed Bulama, yana shaida wa manema labarai a Dutse, wajen taron majalisar ƙasa kan al'adu da yawon buɗe ido, cewa gwamnatin jihar na shirin mayar da Markaz, mazaunin Mohammed Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, a Maiduguri, gidan tarihi, a kuma mayar da Sambisa wurin zuwan baƙi masu kallo.

Maganar ta tayar da ƙura. Masu goyon baya suka ce yaran da za a haifa nan gaba suna da haƙƙin ganin inda fitinar ta faro, don kada gobe wani ya zo musu da irin wannan wa'azi su bi shi ido rufe. Masu suka kuwa tambaya ɗaya suka riƙe: wa za a je tunawa a Markaz, waɗanda aka kashe ko wanda ya kunna wutar? A lokacin kusan mutum miliyan biyu ne ke gudun hijira a Arewa maso Gabas, Sambisa kuma bai daina zama fagen daga ba. A cikinsa Shekau ya mutu a 2021.

Wannan tunani bai mutu ba, kwanciya ya yi, kuma a ofisoshin Abuja zai farka. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi waƙar rage dogaro da man fetur, yawon buɗe ido kuma na cikin abin da ake fara ambata. A Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta al'adu da ƙirƙire-ƙirƙire, ya danƙa wa Hannatu Musa Musawa. Ma'ana, teburin da ke kula da kayan tarihi da teburin da aka ɗora wa nemo kuɗin shiga sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya. Ga kuma Ghana tana kwaɗaita wa kowa: a 2019 ta yi Shekarar Dawowa Gida, ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka da tsibiran Karebiyan su zo su ga kurkukun Cape Coast da Elmina, gwamnatinta ta ce ƙasar ta samu dala biliyan 1.9. Masu bin diddigi sun yi jayayya da adadin, amma ya riga ya shiga kunnen masu tsara kasafi a duk Afirka ta Yamma.

Adalci ne a fara da hujjar masu son a buɗe irin waɗannan wurare, domin hujja ce mai ƙarfi. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas ya tsaya gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Mohammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ya ga ramukan harsashi a jikinta, ya san akwai abin da littafi ba ya iya koyarwa. Gidan Sardauna a Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, shi ne ya zama Gidan Arewa, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibai ke zama suna buɗe tsofaffin takardu. Kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi da gidan tarihin yaƙi na Umuahia duk suna karɓar baƙi. A ƙasar da ta cire darasin Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu na sama da shekara goma, waɗannan wurare ne suka riƙe abin da aji ya saki. Kuma gini ba ya tsayuwa da addu'a kaɗai. Rufi zai yi yoyo, gara za ta ci takarda, mai gadi da mai yi wa baƙi bayani suna da iyali. Karɓar kuɗi a bakin ƙofa, shi kaɗai, ba laifi ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da kuɗin ke yi wa labarin. Da zarar an ce wuri sai ya ciyar da kansa, baƙo ya zama mai saye, mai saye kuwa ba a ɓata masa rai. Sai a fara yi wa tarihi aski: a rage inda ke sa mai masauki jin kunya, a ƙara inda ke sa baƙo zubar da hawaye, a ajiye masa shago a bakin fita.

An ga ƙarshen wannan hanya a Badagry. A 2009 aka bayyana wani shiri na dala biliyan 3.4, wanda Marlon Jackson, ɗan'uwan Michael Jackson, ke cikin masu tallata shi. A garin da aka riƙa loda bayi cikin jiragen ruwa, za a gina kwatankwacin jirgin bayi da gidan tarihi, a gefensu kuma otal na alfarma, filin wasan golf, gidan caca, da ɗakin ajiye kayan ƙungiyar mawaƙa ta Jackson Five. Masana tarihi irin su Farfesa Toyin Falola suka yi tir da shi. Shirin bai tabbata ba, amma ya nuna yadda mai jari ke lissafi: sarƙar da aka ɗaure kakannin mutane ita ce za ta jawo baƙo, gidan caca kuma shi zai kawo riba. Ko a Amurka, da aka buɗe gidan tunawa da harin 11 ga Satumba a New York a 2014, sai da iyalan mamata suka yi ca a kan shagon tsaraba da ke cikinsa, har aka janye wani faranti mai siffar taswirar ƙasar da aka yi wa alama a wuraren da jiragen suka faɗa.

Abuja ba ta buƙatar tsallaka teku don ganin wannan aski. Ita kanta a kan wani rashi aka gina ta, kuma an daɗe ana sayar da rabin labarin.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Murtala ya sanar da amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda na a ɗauke babban birni daga Legas. Doka ta 6 ta wannan shekara ta yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin. An riƙa magana a kan wurin kamar daji ne da ba na kowa ba, alhali Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana da sauransu suna zaune a ɗaruruwan ƙauyuka, da gonakin doyarsu da kaburburan kakanninsu. Alkawarin farko shi ne gwamnati za ta kwashe kowa ta sake masa matsuguni da kuɗinta. Zuwa 1978 aka ga kuɗin ya yi yawa, aka sauya magana: sai wanda gini ya iso kansa za a tayar. Haka aka kai mutanen Wuse can Sabon Wuse a Jihar Neja, aka tura na Maitama da Kukwaba zuwa Kubwa. Sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar birnin tarayya mallakar gwamnatin tarayya ce, don haka idan katafila ta iso, abin da ake lissafa wa manomi shi ne amfanin gona da itatuwa da bukka, ba ƙasar da ya gada ba. Filin da aka biya kuɗin rogo da mangwaro a kansa, gobe sai a ji an sayar da shi miliyoyin da mai gonar bai taɓa ƙirgawa ba. Sai a 2023, shekara 47 bayan dokar, aka naɗa ɗan asalin yankin na farko minista, wato Zephaniah Jisalo, bayan kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da wannan haƙƙi tun a 2018.

To, me ake nuna wa baƙo daga duk wannan? Tukunya da rawa. Ana kai shi Ushafa, ƙauyen da Shugaba Bill Clinton ya ziyarta a Agustan 2000 har aka ba shi sarautar Ɗanmasani, ya ga mata suna ɗora yumɓu zobe kan zobe, suna zagaya tukunyar da ƙafa suna lailaya ta da hannu. Ana kai shi kasuwar kayan gargajiya da ke tsakiyar birni, mai zagayayyun bukkoki da jinka, ya yi ciniki. A bikin kanibal na Abuja, wanda aka fara a 2005, an riƙa fito da masu rawar gargajiya su cika titi. Hoton Ladi Kwali na bayan takardar naira 20. Macen Gbagyi da ta ɗora kaya a kafaɗa maimakon ka ta zama hoton da ake ƙawata bango da shi. Babu laifi a tukunya, matan Ushafa kuma suna da haƙƙin cin guminsu. Laifin shi ne baƙo ya zo ya koma bai ji cewa unguwar da otal ɗinsa yake sunan wani ƙauye ta gada ba, bai kuma san inda mutanen ƙauyen suke kwana yau ba. Al'adar ta samu kasuwa, rashin kuwa bai samu ba, saboda wanda ya jawo shi shi ne mai tallar.

Irin wannan zaɓe na jiran Arewa baki ɗaya. Labarin Burmi, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗaruruwan mabiyansa ranar 27 ga Yulin 1903, yana da sauƙin faɗa, domin mai laifin baƙo ne kuma ya tafi. Haka kisan gillar da ayarin Voulet da Chanoine na Faransa ya yi a Birnin Ƙonni a 1899. Satiru fa? A Maris na 1906 aka shafe wannan gari da ke kudu da Sakkwato, aka kashe kimanin mutum 2,000, yawancinsu talakawa da bayin da suka gudo, kuma ba Turawa kaɗai suka yi aikin ba, da dakarun sarauta a ciki, har aka la'anci duk wanda zai sake gini a wurin. Wace hukumar yawon buɗe ido ce za ta buga wannan a takardar talla?

Ga kuma bauta. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi a Daular Usmaniyya, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi ta Kano. Fataken Hausawa da ke zuwa Salaga a ƙasar Gwanja ɗauko goro sun yi hulɗa da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na yankin, wadda Ghana ta gyara a 'yan shekarun nan tana kai baƙi. Hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kontagora sun ɗaiɗaita garuruwan Gbagyi, kuma tsoron mahara na cikin abin da ya sa ƙauyuka da dama a wannan yanki suka koma kan duwatsu, duwatsun da matasan Abuja ke hawa ranar Asabar don motsa jiki da ɗaukar hoto. Hausawa sun ce laifi tudu ne. Adabin Hausa dai bai ɓoye wannan ba: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin harin bayi ne da uwar da aka sayar har Arewacin Afirka tana neman ɗanta. Amma abin da marubuci ya iya faɗa a shekarun 1930, da wuya ɗan kasuwar da ke neman yardar fada da ta gwamna ya rubuta shi a allon bango. Jikokin masu bayi da jikokin bayin suna sahu ɗaya a masallaci yau. Labari ne da ke buƙatar malamai da masu haƙuri, ba mai neman cika mota da baƙi ba.

Sai raunukan da ko ɓawo ba su yi ba. Ranar 26 ga Agustan 2011 mota ta kutsa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, sama da mutum 20 suka mutu. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka kai hari cocin St. Theresa a Madalla. Da safiyar 14 ga Afrilun 2014, lokacin da ma'aikata da 'yan ci-rani ke rububin shiga mota zuwa cikin gari, bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe fiye da mutum 70. A daren ranar aka sace 'yan mata 276 a Chibok, kuma har yau da dama ba su dawo ba. A Yunin shekarar aka kai hari Emab Plaza a Wuse. A ƙarshen Yuli aka yi liyafar tara kuɗi a Abuja don asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma, aka yi alkawarin sama da naira biliyan 58, amma shekara guda bayan nan ana ta roƙon masu alkawari su cika. Ƙasar da ba ta gama biyan kuɗin asibitin wanda ya rasa ƙafa ba, da wane ido za ta yanka wa wani tikiti ya zo kallon inda ƙafar ta tafi? Rahoton kwamitin Oputa kan take haƙƙin ɗan Adam, wanda aka miƙa a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Gidan tarihin da aka gina kafin a yarda da gaskiya, sanarwar gwamnati zai zama, sai dai an yi masa gini.

Bahaushe ya san ladabin gidan makoki. Ƙofa a buɗe take, kowa na iya shiga, har wanda bai san mamacin ba. Ana kawo abinci, ana ba da gudummawa, kuɗi na shiga hannu. Amma mai gaisuwa ba ya ciniki, ba ya zaɓar labarin da za a ba shi, kuma masu rashin ne a zaune a tsakiya, ba wani dillali ba. Wuraren da suka yi nasara a duniya wannan tsari suka bi. A wurin tunawa da kisan ƙare dangi da ke Kigali, inda aka binne sama da mutum 250,000 da aka kashe a 1994, shiga kyauta ne, mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa, kuma cikin masu yi wa baƙi bayani akwai waɗanda suka tsira. A Auschwitz da ke Poland, wanda mutum fiye da miliyan biyu suka ziyarta a 2019, ba a biyan kuɗin shiga harabar sai na mai jagora, hukumar wurin kuma ta fito fili ta tsawatar wa masu taka layin dogo suna ɗaukar hoton wasa. A tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, tsofaffin fursunonin siyasa ne ke zagayawa da baƙi cikin ɗakunan da aka tsare su. Duk wuraren nan suna kawo wa ƙasashensu kuɗi, ta otal da mota da abinci. Bambancin shi ne kuɗin na bin baya, ba shi ke riƙe da linzami ba.

Abin da ya kamata ma'aikatar da ke Abuja ta yi ba mai tsada ba ne. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda doka ta kafa a 1979, ita ya dace ta riƙe duk wurin da aka zubar da jini, ba ɓangaren da ake auna ƙoƙarinsa da yawan baƙi ba, kuma kada a ɗora wa irin wannan wuri adadin kuɗin da zai kawo a shekara. Kada a buɗe ko ɗaya sai an zauna da iyalan mamata da al'ummar wurin, an ba su kujeru masu ƙuri'a a kwamitin gudanarwa, ba gayyatar rawa ranar buɗewa ba. Ɗan makaranta da ɗan gari su shiga kyauta. Abin da aka samu daga baƙi a buga lissafinsa duk shekara, a ga nawa ya tafi gyaran gini, nawa ya tafi karatun marayu. Rubutun bango ya fito daga hannun masana tarihi na jami'o'i, da Hausa da harshen mutanen wurin kafin Turanci. Sunayen da za a fi gani su zama na waɗanda aka kashe. A Markaz, idan har za a yi, wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zai raba gidan tarihi da wurin ziyarar masu kewar Mohammed Yusuf.

Gwaji na farko yana tsakiyar birnin. Tun 2006 aka fara ginin hasumiyar Millennium da cibiyar al'adu a kusa da Babban Masallacin Ƙasa, inda aka tsara za a sa gidan tarihi, har yau ba a kammala ba. Duk ranar da aka gama, za a yi rububin abin da zai shiga zauren farko. Ya kamata zauren ya ɗauki taswirar yankin kamar yadda yake a Janairun 1976, da sunan kowane ƙauye, da inda aka kai mutanensa, da abin da aka biya su, da abin da ya rage ba a biya ba. Dattawan da suka ga tashin Wuse da Maitama da idonsu suna raye a Sabon Wuse da Kubwa, amma shekaru sun ja. Naɗar muryoyinsu aiki ne da ma'aikatar za ta iya farawa a kasafin bana, tun kafin a zuba sauran kankaren hasumiyar.